Jan Zare a Wuyan Riga

Kwarbai, cikin birnin Zariya
Ranar Alhamis da hantsi

Assalamu alaikum, 'yar nan.

Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidan da su Abba da Jidda. Allah Ya sa kun fara sabawa da ruwan Bauci, Ya tsare ku daga sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan da ta ƙi ni, sai kuma gida da ya yi min faɗi tun ranar da motar kayanku ta fita daga lungu.

Na san za ki ce me ya kai Inna ga biro da takarda ga waya a hannu. Sau uku ina danna lambarki tun jiya, da ta fara shiga sai in kashe. Bakina ba zai iya maganar ba. Direban da ya kai muku kaya zai koma Asabar, shi zan ba. Ki samu wuri ki zauna ki karanta, kada ki karanta kina juya miya da ɗaya hannun kamar yadda kike yin komai.

Bari in fara da abin da nake so, kada in yi nisa ki gaji. Kayan makarantar nan da kika tarar a cikin koren akwatin ƙarfe, shuɗin wando da riga da farin hijabi, kada Jidda ta sa su ranar Litinin. Ko na gwaji kada ta sake sawa. Akwatin ba na cikin kayanki ba ne, masu lodi ne suka haɗa da shi don sun gan shi jingine da naki a ɗakin ajiya. Jiya da kika turo min hoton yarinyar sanye da su, kika biyo da saƙon murya kina dariya, wai kayanki na aji ɗaya sun yi mata cif, kalar ma irin ta sabuwar makarantarsu ce, kin huta da tela, wai kuma tun da ta sa take cewa a kira ta Maryam, kwaikwayonki take, wallahi sai da na sulale na zauna a ƙasa. Tsintsiya ce a hannuna, ban san lokacin da ta faɗi ba.

Wannan ce shekarar farko da za ki shirya yara komawa makaranta ba na kusa. Tun Abba na aji ɗaya ni ce mai awo, ni ce mai naɗe littattafai da takardar siminti, ni ce mai neman safa ɗaya a ƙarƙashin gado, ke kuwa sai da safiyar Litinin kike tuna fensir, sarauniyar ƙurewar lokaci. Kin sha ce min na cika tsanani a kan shirin makaranta. Ba tsanani ba ne, tsoro ne. Yau zan gaya miki kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Kin tashi kin san cewa mata biyu na fara haifa a jere, tsakaninsu shekara ɗaya da rabi: Maryam, sannan Hauwa'u da muke kira Kulu. Kina gani na rubuta sunan, rubutu ba faɗa ba ne. Maryam 'yar fari ce, kin san al'adarmu. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai in kau da kai har wata ta ɗaga ta. Ni kuwa na yi kunyar har ta wuce misali, don a ce Rabi akwai kara. Yarinya ce mai son jiki, takan zo ta tsaya bakin madafa ta karkatar da kai gefen hagu tana kallona, in ce, “Ke, matsa min da nan.” Kulu kuwa tana bayana a goye har ta yi wayo.

Shekarar da Maryam ta cika shida babanku ya kai sunanta firamaren da ke hanyar Ƙofar Kibo, wadda ke da ƙaton rimi a bakin ƙofa. A lokacin nan samun gurbi sai an sha wuya, sai da ya yi sawu huɗu kafin hedimasta ya rubuta ta a rajista. Ni ba na fita, don haka yadda matan cikin gari ke yi na yi: na yagi bakin tsohon zane, na auna ta da shi, ƙulli ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu, ɗaya a ƙugu, ɗaya a tsawon wando. Babanku ya kai wa Malam Sabo tela. Da kayan suka dawo na ɗauki allura da jan zare na ɗinka sunanta a cikin wuyan rigar, don kada a musanya a wajen wanki. Ina ɗinki ina faɗin sunan a ƙasan maƙoshi, ba wanda ya ji. Iyakar kiran da na taɓa yi mata ke nan, ita kuwa tana waje tana wasan 'yar tsana.

To ki ji. Ki kira 'ya'yanki da sunansu, da ƙarfi, kowace safiya, har shi Abban da kike wani sunkuyar da kai kina ce masa “yaron nan”. Kunya ba ta hana ki dafa kansa kafin ya fita. Wanda ya ce ba ki da ta-ido ki ce ni na sa ki.

Saura kwana takwas a buɗe makaranta, ƙarshen damina, zazzaɓi ya shigo gidan. Su biyu ya kama. Kwana uku aka yi, ranar Laraba bayan azahar ɗaya ta tashi ta nemi koko, ɗaya ta cika.

An gaya miki Kulu ce ta rasu. Ni na gaya miki, da bakina, ba sau ɗaya ba. Ƙarya na yi miki. Maryam ce aka kai makwanci ranar nan. Wadda ta tashi ta nemi koko ke ce.

Ajiye takardar ki sha ruwa in kina so, ni ma sai da na ajiye biron.

Ko a ranar ban yi kuka a gaban mutane ba, wai 'yar fari ce. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa, “Kai, Rabi akwai tawakkali.” Ni kuwa ba inda nake kallo sai bayan ƙofa. Kayan makarantar suna rataye a ƙusa a bayan ƙofa, an goge su da dutsen guga na gawayi, sandal ɗin yana ƙasa da safa a ciki. Ba wanda ya yi tunanin sauke su, ni kuma na kasa.

Ranar Lahadi Goggo Dije, yayar babanku, ta zo daga Ƙofar Gayan. Ta dubi kayan, ta dube ki kina zaune a tabarma duk kin rame, ta ce da babanku, “Malam, gurbin nan da ka sha wahala a kai haka zai tafi a banza? Ga suna a rajista, ga kaya an ɗinka. A sa wa ƙaramar mana. Gidan su wane haka suka yi, yaron ga shi har ya zama ma'aikaci da sunan wansa.” Babanku ya ce, “Yaya, ai ba ta kai ba.” Ta ce, “Wa zai ƙirga mata haƙora? In an kira Maryam ta ce na'am, shi ke nan, a gida kuma Kulunta tana nan.” Ya juyo ya dube ni. Da na ce a'a da maganar ta mutu a nan. Na ce, “Duk yadda kuka gani.” Ba don gurbi ba ne, kada in ɗora wa Goggo, Allah Ya ji ƙanta. Ni dai so nake in ga kayan nan sun fita ta zaure da ƙafafu a cikinsu.

Kada ki taɓa sa yaro makaranta da takardar wani, ko ta ɗan'uwansa ce ciki ɗaya, ko za a ce ya jira baɗi. Ya jira. Ki kai takardar haihuwar Jidda da hannunki, ki tsaya har ki ga an rubuta Hauwa'u a rajista, ki karanta da idonki. Kada ki aiki maigidan, shi ko sunan ajin Abba bai riƙe ba.

Da safiyar Litinin na yi miki wanka, na tanadi allura don in naɗe ƙafar wandon, tunda Maryam ta fi ki tsawo da yatsu huɗu, kowa ya sani. Na sa miki. Ba abin naɗewa. Wando ya tsaya daidai idon sawu, hannun riga daidai wuyan hannu. Na ce ko Malam Sabo ne ya rage. Da kuka fita da babanku na ɗauko ƙyallen awonki na ɗinkin Sallah, wanda bai fi wata biyu ba, na jera shi da na Maryam a kan gado. Yatsu huɗun suna nan tsakaninsu. Da kika dawo na tsayar da ke na auna ki da na Maryam, kowane ƙulli ya sauka a wurinsa. Yarinyar da ta tashi daga ciwo ba ta yin tsawon yatsu huɗu. Na naɗe ƙyallayen na tura ƙarƙashin katifa, ban gaya wa kowa ba.

Mako bai cika ba kika daina amsa Kulu. In ce, “Kulu, zo ki ci abinci,” sai ki waiwaya bayanki kamar da wata nake. Ran nan ina tankaɗe kika zo kika tsaya bakin madafa kika karkatar da kai gefen hagu. Kika ce, “Inna, ɗan kunnena yana cikin ramin katanga bayan randa.” Ɗan kunnen Maryam ne da ya ɓace tun kafin azumi, wanda na dake ta a kansa. Na tura hannu a ramin, ga shi nan cikin ƙasa.

Nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne. Ya kamata in tuɓe miki kayan a take, in kira babanku, a je a gaya wa hedimasta gaskiya. Amma daɗi na ji. Allah Ya gafarta min, daɗi na ji. Na jawo ki na rungume, abin da ban taɓa yi wa waccan ba, na yi kukan da na hana kaina. Ina rungume da ke, amma ba ke nake runguma ba.

Idan yaro ya fara makaranta, ki zuba masa ido a makonnin farko. Ba aikin gida nake nufi ba. Ki duba yadda yake cin abinci, da yadda yake amsa kira, da abin da yake faɗa in ya dawo. Ki zaunar da su in sun tuɓe kaya ki tambaye su wa suka zauna da shi, wa suka ba abincinsu. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki faɗa wa mutum a ranar, kada ki tura ƙarƙashin katifa.

Ana cikin wata na biyu malamar ajinku, Malama Asabe, ta biyo ki gida bayan an tashi. Mace ce mai hankali. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce, “Maman Maryam, yarinyar nan tana da ƙoƙari, amma kullum idonta na taga. In an fita tara ta sayi ƙosai, sai ta raba biyu ta kai rabi gindin rimin bakin ƙofa ta ajiye. Na hana, ba ta bari ba.” Na kira ki na ce, “Ke, wa kike kai wa ƙosai?” Kika ce, “Kulu.” Malama ta ce, “Wace ce Kulu?” Kika ce, “Ƙanwata. Kullum tana biyo ni, amma ba ta shiga, ba ta da kayan makaranta, kuma ba a kiran sunanta. Inna, a ɗinka wa Kulu nata mana, rana tana dukanta.”

Malama ta dube ni. Ni kuwa na buɗe baki na ce, “Ƙanwarta ce da ta rasu kwanan baya, ba ta saba ba tukuna.” Malama ta yi salati ta yi min ta'aziyya. Kina tsaye kina ji. Daga ranar maganar ta zauna haka. Mutanen lungu da ma “yaran Malam” suke ce muku, ba kowa ke rarrabe ku ba, waɗanda suka sani kuma suka yi min kara suka yi shiru. Na sauke hotonku na Sallah daga bango. Na koma ce miki “ke” da “'yar nan”, kowa ya ɗauka kunyar 'yar fari ce. Gaskiyar ita ce ba na iya ce miki Maryam, ba na iya ce miki Kulu.

Ban ce fatalwa ba ce. Na yi karatuna daidai gwargwado, na san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa. Babanku da na gaya masa daga baya cewa ya yi zafin zazzaɓi ne ya taɓa ki, da kewar 'yar'uwa, ya yi miki rubutu kika sha. Wataƙila haka ne. Abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi, rana tsaka, lungu ya yi tsit, ina jin tafiya biyu ta shigo zaure. Ɗaya da sandal, ƙwas ƙwas. Ɗaya ba takalmi. Mai sandal ta ratso soro ta shigo tsakar gida, ke ce, da jakarki. Ɗayar sai ta tsaya a zaure. Na sha leƙawa, ba kowa sai buzun sallar babanku. Shekara biyu kika yi da kayan nan, ba su koɗe ba, ba su yage ba, ba su yi miki kaɗan ba, har sai da ni na tsorata na cire su na kulle a akwati da kafur. Daga nan tafiyar ta ragu, ta koma sau ɗaya a shekara, ranar Litinin ɗin da ake komawa makaranta. Har bara na ji ta. Shi ya sa kike ganin duk ranar buɗe makaranta nake zuba abinci kwano ɗaya fiye da yawan yara, kina min tsiya wai tsufa ya fara taɓa lissafina.

Babanku ya so ya gaya miki. Lokacin da za ki rubuta jarrabawar gama sakandare ya ce a faɗa, na ce a bari ki gama. Lokacin aurenki ya ce a faɗa, na ce a bari a sha biki. A ciwonsa na ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce, “Rabi, yarinyar nan fa tana da haƙƙi a kanmu.” Na ce to. Shekara tara ke nan da to ɗin. Ranar da kika haifi Jidda kika ce a sa mata Hauwa'u, don tunawa da ƙanwarki da ba ki iya tuna fuskarta ba, na shiga banɗaki na toshe bakina da zane. Mata suna ta guɗa a tsakar gida.

Kada ki ɓoye wa yaro abin da yake nasa wai sai ya girma. Ba ranar da ta dace da ke zuwa, ni na jira ta shekara talatin.

Yanzu ga abin da za ki yi. A cikin ƙullin da direba zai ba ki akwai sababbin kaya kala ɗaya da waɗancan, saiti biyu, na sawa da na wanki. Ranar da za ku tafi na auna Jidda da bakin zane kina ta faɗa wai ina ɓata muku lokaci, to ga amfaninsa. Ɗan Malam Sabo ne ya ɗinka, daren jiya ya kwana a kai don na tsaya masa a ka. Na ɗinka Hauwa'u a wuyan kowace riga da jan zare, ina yi ina faɗa da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo. Akwai na Abba ma, da safa, da littattafai na naɗe. Ki jiƙa fararen hijaban da ɗan bulun wanki kafin a sa. Ki goge komai ranar Lahadi da rana, ki rataya na kowa a ƙusarsa daban, kada ki haɗa. Da safe ki karanta musu addu'ar fita, ki kira kowa da sunansa sai ya amsa sannan ki buɗe ƙofa. In Jidda ta ce ita Maryam ce, kada ki yi dariya, kada kuma ki dake ta. Ki durƙusa daidai tsawonta ki ce mata, “Ke Hauwa'u ce, Jiddata,” har sai ta ce na'am.

Tsofaffin kayan kuwa kada ki ƙona, kada ki ba 'yar kowa sadaka. Ki mayar akwati ki ba direba ya dawo min da su. Ni na ɗinka zaren, ni zan warware shi. Zan sa a yi wa Maryam addu'a da sunanta, karo na farko, don shekara talatin ana yi wa mai rai addu'ar matattu, ita kuwa ba a ambace ta ba. Takardunki na makaranta da na aiki ki bar su yadda suke, Allah Ya san wadda Ya halitta.

In kin yi fushi da ni kin yi daidai. In kin ƙi ɗaga wayata wata guda ba zan ce komai ba. Amma ki cire wa yarinyar nan kayan tukuna, sannan ki yi fushin.

Allah Ya tsare min ku a fitarku da shigarku, Ya raba yaran da sharrin hanya da na rana tsaka, Ya buɗa musu karatu, Ya sa su amsa sunansu a duniya da lahira. Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan Abba da Jidda.

Ranar Litinin ƙarfe ɗaya da rabi zan ɗauki tabarma in zauna a zaure. Ke ba 'yar fari ba ce, babu kunya tsakanina da ke, ban da wadda na jawo wa kaina. Na bar ki a waje rana tana dukanki, ki yafe min.

Kulu. Kulu, shigo gida.

Ni ce,
Innarki